Girar Ɗan Fari

Tun da Muntaka ya tafi cin rani Ikko bayan girbin gero, fuskokin mutanen Matameye suka sauya wa matarsa Mas'uda. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Barci ne ya fara ƙaurace mata, sai abinci ya daina yi mata daɗi, sai ta wayi gari ko tsintsiya ta ɗauka nauyi take mata. Daga nan duk wanda ta kalla sai ta ga haushinta yake ji. Mai raken bakin layi in ya miƙo mata kara, raini take gani a idonsa. Matan famfo in sun yi dariya, da ita suke. Har ta koma sai rana ta take, mutane sun watse, sannan take ɗaukar bokiti.

Daga Yauri aka kawo ta, bara waccan, gidan da babu kowa sai surukarta, Inna Baiwa. Sai kuma Najaha, ƙanwar Muntaka, wadda ke aure a bayan layinsu amma kusan kullum a nan take wuni.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci Muntaka ke kiranta ta bidiyo, in rezo, wato layin waya, ya yarda. Duk mako wannan kiran take jira, har ta sa kwalli. Amma da zarar fuskarsa ta bayyana, tukunyar shayin da yake sayarwa tana tururi a bayansa, sai idonta ya sauka kan goshinsa. Gira a haɗe, wani layi ya tsaya tsakaninsu kamar an tsaga da wuƙa. "Kina lafiya? Ya Inna? Ya zafi?" Shi ke nan. Ita kuwa abin da take karantawa guda ne: ya gaji da ni.

Inna Baiwa kuma da jin ƙarar wayar sai ta juya baya ta jawo faifai. Muntaka ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido, kamar yadda aka gada. Mas'uda ta san wannan sarai, haka mahaifiyarta ke yi wa yayanta. Sai dai zuciyar da ta gaji ba ta jin bayani. Gani take ita ake juya wa baya. Balle ma duk sanda tsohuwar ta dube ta, da gira a haɗe take dubanta.

Da bazara ta yi nisa, aka fara zancen masu cin rani sun kusa dawowa, Mas'uda ta yanke shawara. Fuskar da ta gagare ta a waya, ba za ta iya da ita a tsakar gida ba. Gara ta koma Yauri tun kafin ya iso.

Najaha ta same ta da hantsi tana ɗaure kaya a zane.

"A'a, matar yaya, ina zuwa? Ko Ikko za ki bi shi, ki riƙa wanke masa kofuna?"

Dariya take, amma Mas'uda murnar rabuwa ta hango a haƙoranta. Ta ci gaba da ɗaurin kayanta. Najaha ta ɗan tsaya, ta sake dubanta, ta fita a sanyaye.

Inna Baiwa na gindin darbejiya tana tsintar wake. Mas'uda ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ina son in je gida."

"Lafiya a Yaurin?"

"Lafiya lau. In je dai in zauna. Na ga zamana ya ishe ku."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan faifai. "Ya ishi wa?"

"Ke, Inna. Da shi."

"Shi ya gaya miki?"

"Fuskarsa ta gaya min."

Inna Baiwa ta ture faifan gefe. Ta waiga ƙofar gida, ta waiga katanga, kamar mai shirin sata. Sannan ta sassauta murya.

"Ɗiyata, kina da hoton yaron nan a cikin abin naki?"

Mas'uda ta ciro wayar, ta buɗe hoton da ta ɗauka a kiran Juma'ar da ta wuce. Tsohuwar ta goge hannu a zaninta kafin ta karɓa. Ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Tun zuwan Mas'uda gidan, yau ta fara ganin uwar nan ta ƙare wa ɗanta kallo.

"Ya rame," in ji ta. Ta shafa gilashin da babban yatsa. "Wannan kike kira fushi? Yaron nan in ya yi fushi dariya yake, irin ta ubansa, wadda ba ta kaiwa ido. Wannan kuka ne yake haɗiyewa. Ranar da kakarsa ta zo ɗaukarsa yaye zuwa Icirnawa, haka ya haɗe girar nan yana leƙo ni daga bayanta. Ni kuwa mutane na tsaye, ban isa in dube shi ba. Sai da suka sha kwana na shiga ɗaki."

Mas'uda ta karɓi wayar ta zuba mata ido. Ta so ta ga abin da aka gaya mata. Ta nema a ido, ta nema a baki.

"Ni har yanzu fushi nake gani, Inna."

"Na sani. Ciwon a wurinki yake, ba a fuskarsa ba. Shekarar da ubansa ya fara zuwa Kano, ni har akuyar gidan nan na ga tana hararata."

Wata ƴar dariya ta kuɓuce wa Mas'uda, ta farko cikin watanni. Ta ɗago kai, sai ga girar Inna a haɗe, layin nan a tsaye, sak na Muntaka. Girar da Mas'uda ta sha guje wa a tsakar gidan nan. Ƙarƙashinta kuwa idanu ne jiƙe.

"Tun sanyi nake ganin kina ramewa," in ji tsohuwar. "Na rasa ta inda zan ɓullo miki. Gobe mu je likita, ki gaya musu ba kya barci, ba kya cin abinci. Yauri kuma za ki je, amma ganin gida, Najaha ta raka ki." Ta mayar da ido kan wakenta. "In ya kira ranar Juma'a, ki zauna nan kusa da ni. Ba zan duba ba. Ki dai ƙara muryar."

Mas'uda ta koma ɗaki. Ba ta kwance ƙunshin ba, tura shi ta yi ƙarƙashin gado. Ta dawo gindin darbejiya ta sa hannu a faifan. Gabas babu ko ɗigon hadari. Ta ajiye wayar a cinyarta, hoton a buɗe, lokaci lokaci tana satar kallonsa, ko Allah zai sa girar ta gaya mata abin da ta gaya wa Inna.