Kumba Ɗari Uku

Shekara uku Unaisi ta yi tana rainon kumba ɗari uku a tankunan cibiyar binciken teku ta jami'a. Irin manyan nan ne da ake kira vasua, waɗanda daɗin namansu ya sa suka kusa ƙarewa a tekun Fiji. Tun suna kamar ƙwayar shinkafa take auna su, har abokan aikinta suka laƙaba mata Uwar Kumba. Yanzu sun kai tafin hannu, tanki ya yi musu kaɗan, sun fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Dole a kai su teku kafin zafi ya shigo, a wurin da ba mai taɓa su har shekara biyar.

Ta nufi ƙauyen mahaifiyarta a tsibirin Kadavu da saiwar yaqona a hannu, wadda ake dama abin shan gargajiya da ita, kamar kowane mai buƙata. Kawunta Sakiusa, mai garin, ya karɓa, aka dama, aka tafa, aka sha. Ta shimfiɗa taswira ta nuna inda cibiya ta zaɓa.

"'Yar ƙanwata ce ke roƙo," in ji shi. "A al'adarmu ko kwalekwalena ta ɗauka ba ni da bakin magana. An ba ki, a kafa sandar hani kada kowa ya shiga wurin."

Hankalinta dai bai kwanta ba. Maza sun iya cewa to, amma mata ne ke bin gaɓa da wuƙa da kwando suna neman kumba in ruwan teku ya janye, kuma ba wanda ya tambaye su. Sai ta zaga baya, inda yayar mahaifiyarta, Inna Makelesi, ke kankare kwakwa cikin mata. Tsohuwar ta kanne ido ta dubi taswirar.

"Wa ya zaɓa muku nan?"

"Na'ura ce, Inna. Wata shida tana auna ruwan."

"Wata shidan rani ko? To ki ce wa na'urar taki ta dawo da damina ta sha laka. Rafi ne ke zuba a nan! Duk wannan bokon, ashe a kabari za ki kai 'ya'yan naki?"

Mata suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe Unaisi, don ta san gaskiya aka faɗa mata, kuma da ba a faɗa ba, da wahalar shekara uku ta bi ruwa.

Da ruwa ya janye, Inna Makelesi ta ce ta biyo ta. Suka yi ta taka duwatsu, tsohuwa a gaba ba takalmi, Dakta Unaisi a baya tana haki. Can bayan wani tsauni suka tarar da wani gurbi mai ruwa garau, kifi na ta kai da komo. Unaisi ta tsoma abin awonta, ta duba, ta sake dubawa. Ba ta taɓa samun wuri mai kyansa ba.

"Da nan na ciyar da 'ya'ya bakwai bayan rasuwar ubansu," in ji tsohuwar. "Ko uwarki ban taɓa nuna mata ba."

Unaisi ta juyo ta dube ta. "Inna, in aka kafa sanda, ke ma fa ba ki da shiga. Shekara biyar!"

"Na iya ƙirga, 'yar nan."

"To me za ki ci?"

"Rogo ya yi ƙafa ne?"

Tsohuwar ta sari ganyen kwakwa ta ɗaura a kan sanda, ta cusa ta tsakanin duwatsu da hannunta, ta girgiza ta ji ta kafu.

"Ina yarinya na ga vasua da sai mutum biyu ke ɗaga ta," ta ce. "Jikokina dariya suke yi in na faɗa. Ki kawo 'ya'yanki. Ba zan mutu maƙaryaciya ba."