Maƙwabcin Baba Ajimi

Mikail ya ja hular ƙungiyarsu ta agaji ya rufe rabin fuska, yana laɓe-laɓe a bayan shugabarsa, Madam Ginika, suna ratsa makarantar da aka tsugunar da mutanen Lamisula bayan ambaliya. Addu'arsa ɗaya ce: kada Allah ya haɗa shi da Baba Ajimi.

Aikinsa shi ne nazarin yadda sauyin yanayi ke jawo rikici da gudun hijira. Shi ya fara gaya wa ofis cewa madatsar ruwa ba za ta kai ƙarshen damina ba. Madam Ginika ta ce a yi shiru sai hukuma ta tantance, kada gari ya rikice. Wanda ya fasa maganar, a bakin aikinsa. Ya yi shirun kuwa. Amma gogan naka sai ya kwashe iyali da kaya zuwa unguwar Dala, nesa da ruwa, wai fenti za a yi wa gida. Fenti a tsakiyar damina! Baba Ajimi tela, maƙwabcinsa da katanga ce kawai ta raba su, shi ya kama masa katifa aka ɗora a mota. Da ruwa ya zo, ya tafi da kekunan ɗinkin tsohon, har da yadukan mutane.

"Mikail! Ɗana!"

Shi ke nan, an gan shi. Tsohon ya taso daga tabarma cikin jallabiyar aro, ya rungume shi.

"Baba, ya muka ji da wannan abu? Ina Ya Kellu?"

"Matar tawa tana asibiti, sanyi ya kama ƙirjinta. Kai dai Allah ya so ka da fentin nan."

Kunya ta lulluɓe Mikail, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Madam Ginika, haifaffiyar garin, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta yi tambayar da aiki ya kawo su yi. "Baba, akwai wanda ya gargaɗe ku kafin ruwan?"

"Wa zai sani, 'yata? Ga maƙwabcina nan, karatun abin ya yi. Wallahi da ya sani, ƙofata zai fara bugawa."

Ta sunkuyar da kai. Mikail ya ƙara jan hularsa ƙasa.

Baba Ajimi ya ɗaga hannun Mikail, ya juya wajen mutanen da ke zube a baranda.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. In wani ruwan yana tafe, muna da namu a ciki."