Ranar da Saje Ezekiel Ya Tafi Danko da Baya

Da Saje Ezekiel ya bar aikin soja ya dawo Zuru, abin da ya fara saya shi ne wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Babu wanda ya san kamfanin da ya ƙera ta. Injin daga wata mota aka ciro shi, giyabos daga wata, ƙofar direba shuɗiya alhali sauran jikin fari ne. Shi dai Saje ya ce da irinta suka ratsa daji a Laberiya, kuma a gidansa ba a musu a kan Laberiya.

A daminar 2006 aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ya fara kuka kamar an take wa kare wutsiya. Ga shi matarsa Rebecca, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu, ta riga ta yi wa mata alkawari cewa motar gidanta ce za ta kai su taro Danko ranar Asabar.

"Baban Jessica, in motar nan ta kunyata ni, kai da ita za ku koma kwana gindin mangwaro," in ji ta.

Saje ya lallaɓa motar zuwa wurin Maharazu, bakaniken da ya zo daga Argungu ya kafa gareji kusa da tasha. Maharazu ya shige ƙarƙashi, ya kankare laka yana neman lamba a jikin aksul ɗin. Inda lambar take, wani ya riga ya yi walda a kai. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara kunne, ya lakato baƙin mai ya shinshina, sannan ya fito.

"Saje, gaban wagga mota Bajapane ne, tsakiyarta Bature. Bayanta ko, ni ban san ƙabilarshi ba."

"To a samo mata wanda ya fi shi ƙarfi. Ba gyara nake so ba, ƙarin girma nake so a yi mata."

Tunda babu lamba, sai suka auna aksul ɗin da igiyar guga, suka ƙulla alama, suka hau babur zuwa Bena. Can wani manomi mai suna Talle yake da gawar wata mota a bayan rumbunsa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Aksul ɗinta ya yi daidai da igiyar, kuma ya fi na Saje kauri. Talle ya yarda su kwance, amma da sharaɗin kada a tayar da kazar da ke kwanci. Haka Saje, mutumin da ya saba yi wa kurata tsawa, ya wuni yana miƙa sifana cikin raɗa.

Da aka kawo aksul ɗin Zuru sai ya ƙi zama a kan sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota. Maharazu ya ja nan, ya tura can, ya ƙi. Daga ƙarshe ya sa aka kife shi, cikinsa ya koma sama. Nan take ya zauna daram.

"Ba a kife yake ba kuwa?" in ji Saje.

"Ƙarfe bai san sama da ƙasa ba, Saje. Mu mutane mu ka damuwa da wannan."

Ba a gama ɗaure farfela ba, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, sai da safiyar Asabar. Kafin a ce a gwada, mata sun iso garejin cikin anko, da tulunan kiɗa da caki da kulolin abinci, sun cika bayan mota. Saje ya ce dole Maharazu ya shiga gaba, ko da wani abu zai taso a hanya.

Ya tayar da inji, ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci. Motar ta zabura da baya ta rushe danga, ta tsaya a cikin gonar kuɓewar maƙwabci. Mata suka yi ihu. Saje ya duba sandar giya, ya ga lallai ɗaya ya sa. Ya sa ribas, motar ta yi gaba a hankali kamar mai jin kunya.

"Maharazu, mene ne wannan?"

Maharazu ya sosa ƙeya. "Ashe wanga ƙarfe ya san sama da ƙasa."

Kwance aksul ɗin a juya shi aikin yini ne, ga shi taro da hantsi za a fara. Suka hau titi da giyar ribas suna tafiya gaba, injin na ihu. Ba su bar gari ba wani jaki ɗauke da itace ya wuce su. Rebecca ta buga rufin mota.

"Baban Jessica, in baya take son tafiya, ka bar ta ta yi bayan!"

Saje ya juya motar, ya saita bayanta wajen Danko. Madubi ba ya nuna komai sai ɗankwalaye, don haka Rebecca ta miƙe tsaye ta zama idonsa.

"Dama!"

"Damarki ko tawa?"

"Ta Danko!"

Bayan sun kusa shiga rami sau biyu aka daidaita: in an buga tulu ya karkata wajen ƙofar shuɗiya, in an kaɗa caki ya karkata wajen Maharazu. Abin ya tafi daidai har sai da mata suka manta suka ɗauko waƙa, tulu da caki suka tashi tare, motar ta riƙa rangaji daga wannan gefen titi zuwa wancan. Su kuwa murna suke yi, don ba su taɓa zama a gaban mota ba sai ranar.

A shingen hanya wani ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya zagaya ya leƙo taga.

"Yallaɓai, zuwa kuke yi ko kun riga kun wuce?"

"Atisaye ne," in ji Saje, ya haɗe fuska. Ɗan sandan ya ƙame ya sara masa.

Kusa da Danko suka tarar ruwan sama ya mai da wani kwari taɓo. Tayoyin baya suka nutse. Saje ya yi murmushi, don ranar da ya sayi motar dominta ke nan. Ya ja ƙaramar sandar da ke haɗa tayoyin gaba da inji.

"Saje, dakata," in ji Maharazu, "na gaba ba a kife—"

Saje ya riga ya taka totur. Tayoyin baya suka ja wajen Danko, na gaba suka ja wajen Zuru. Motar ta tsaya cak tana kakkarwa, tana feshin laka ta kowace fuska, har ankon mata ya koma launi ɗaya da hanya. Rebecca ta bar Hausa ta koma C'lela, kuma ko Maharazu da ba ya jin yaren ya fahimci da shi ake. Sai aka ji ƙas! Kusoshin farfela suka tsinke, ta faɗi cikin taɓo. Motar ta yi tsalle ta fita, ta kama hanyar gida da gudu kafin Saje ya sami birki.

Maharazu ya sauka ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallo.

"Saje, ta gyara kanta. Yanzu tayun gaba kaɗai ka ja, kuma su sun san inda gaba yake."

Suka juya motar, mata suka sauka suka tura, ta haye taɓon da hancinta a gaba kamar kowace mota. Sun isa Danko ana tsakiyar addu'ar buɗewa. Mai gabatarwa ya dube su daga sama har ƙasa, ya sanar cewa matan Zuru sun biyo ta gona, a tafa musu saboda ƙwazo.

Farfelar kuwa Rebecca ta sa aka tsamo ta, ta hana Maharazu taɓawa. An rataye ta a bishiyar ɗorawa da ke harabar coci, kuma ita ake bugawa yanzu in lokacin sujada ya yi. Ƙararta tana kaiwa har gareji.