Laimar Gindin Bango

Katakon da ya zagaye gindin bangon ɗakin Zeinabu, mijinta Sumaila kahinta ne ya buga shi da hannunsa, shekara guda kahin Allah ya yi mishi rasuwa. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, amma ya goge shi sumul har mata na shigowa kallo. Duk unguwarsu ta bakin gulbi, nan Malanville, babu ɗaki mai irinsa.

Damanar bana ruwa bai shigo mata ta ƙohwa ba, don tun da wuri ta jera buhunnan rairayi bakin zaure. Amma wata sahiya da ta ja buhun albasar da za ta kai kasuwa, sai ta iske gindinsa ya ruɓe, katakon da ke bayansa ya kumbura ya yi baƙi. Ta danna shi, yatsanta ya nutse kamar cikin dahwahhen rogo.

Ta aika anka kira Rilwanu magini. Ya durƙusa ya ɓamɓaro katakon, wari ya tashi, bangon kuwa jiƙe sharkaf.

"Inna, wanga ba ruwan sama ba na," in ji shi. "Daga ƙasa shika hawa, bango na shan shi kamar lagwani."

"To, mi za a yi, ɗana?"

"A cire katakon duka. In shahe wurin da kwalta, in liƙa karo, wato tayil, in gina miki lambatu bayan ɗaki. Sauran sai Allah."

Kwana huɗu shina aiki. Zeinabu ta ƙi tsayawa ta ga ana cire katakon, kasuwa ta tahi ta wuni. Da ta dawo ta iske karo hwari tas ya zagaye ɗakin, yana ta ƙyalli. Ta yi godiya, ta sa mishi albarka.

Sati ukku ke nan sai laimar ta ɓullo bisa karon, wani zane mai duhu da hwarin gari kamar kanwa. Tuhwahin cikin akwati sunka yi hunhuna. Tari ya kama ta, ya ƙi saki.

Rilwanu ya dawo, ya zagaya bayan gida, ya nuna mata abin da ba ta lura da shi ba: maƙwabcinta Alhaji Khamis ya cika hilin gidansa da jar ƙasa, har gidanta ya koma kamar cikin kwano.

Ta yi lulluɓi ta tahi gare shi da maganarta shirye a baki. Alhaji ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Zo ki gani, Yaya." Ya kai ta ɗakin matarsa. Zane iri ɗaya ne a bango, ga ƙahwahun gado bisa bulo.

"Na bisa gare ni ya cika nashi, ruwan ya gangaro mini, ni ma na cika. Ko na kwashe ƙasar nan yau, ba shi barin ki. Mu biyu zai ci."

Ita ce ma ta yi mishi jaje.

Rilwanu ya gaya mata gaskiya: sai an rushe ɗakin an ɗaga harsashinsa, aikin da ya hi ƙarhinta nesa. Da tarin ya yi tsanani, ɗiyarta Jannatu ta zo daga Guéné, ta ɗaure mata kaya ba tare da ta tambaye ta ba. Zeinabu ta ba matar Alhaji makulli, ta roƙe ta ta riƙa buɗe taga kullum ɗakin ya sha iska.

A Guéné tarin ya lahwa. Kowace Juma'a takan karɓi wayar Jannatu ta kira matar Alhaji, a gaisa, a tambayi yara, sannan ta ce, "Ina zanen laimar ya kai?"

"Ya wuce gwiwa, Yaya."

"To," in ji Zeinabu. "A ci gaba da buɗe tagar."