Fito Mu Gaisa

Tim! Haka ya faɗi, kamar an jefo buhu daga kan mota. Ƙarama tana zaune a zaure tana yanke wa jaririnta farce da haƙori, sai ta ji ƙarar. Ta ɗaga labule ta leƙa. Wa za ta gani? Saje Fito-Mu-Gaisa, kwance warwas a ƙofar gidan Magajiya, da rana tsaka! Ledar maganinsa ta fashe, ƙwayoyi sun watse har cikin kwata. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya can gefe.

"Magajiya! Doguwa!" ta ƙwala kira. "Ku zo ku ga abin da Allah ya kawo mana har gida!"

To, ku tsaya ku ji yadda abin yake. Gidan Magajiya gidan mata masu zaman kansu ne, ba wanda bai sani ba. Saje kuwa maƙwabcinsu ne, ɗakin hayarsa yana ƙarshen layin. Dokar garin kuma wata iri ce: abin da mace ta yi a cikin ɗakinta, ɗan sanda ba shi da ta cewa. Amma ta tsaya a titi, ko da taku ɗaya ne daga dokin ƙofa, sunanta mai yawon banza, sai mota. Saje ya haddace wannan kamar sunan uwarsa. Shi ba ya shiga gidan, sam. Sai ya zo ya tsaya a waje, baki har kunne, ya ce, "'Yar'uwa, fito mu gaisa mana." Baƙuwar da ba ta san hali ba, kunya ta kama ta, ta tsallako. Kafin ta ce ina wuni, yaransa sun ɓullo daga bayan rumfar mai faci, caraf!

Haka ya yi wa Ƙarama a makonta na farko a gidan, da cikinta na fari da ya fara turowa. A sel, kan siminti, jini ya ɓalle mata. Ta bubbuga ƙarfe har tafin hannunta ya kumbura, tana roƙon asibiti, tana roƙon ko ruwa ne. Ya leƙo yana sakace, ya ce, "Ai ke kika fito da ƙafarki." Cikin ya zube kafin a kai ta kotu. Alƙali kuma ya sallame ta, wai ba shaida.

Yanzu ga shi, ya yi ritaya, hawan jini ya ci rabin jikinsa, matarsa ta bi 'ya'yanta tuntuni. Ga shi a ƙasa, baki ya karkace, yawu na bin haɓa.

Mata suka cika zaure, wata da kumfar wanki a hannu, wata da rabin kitso. Duk suka jeru a bayan dokin ƙofa, ba wadda yatsan ƙafarta ya leƙa waje. Layin kuwa fayau, maza duk suna wurin nema, mai faci ma ya ja rumfarsa.

Doguwa, mai bakin nan kamar reza, ta riƙe ƙugu. "A'a, ranka ya daɗe! Yau gaisuwar a kwance za a yi ta?"

"Ku... ɗaga ni," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Don Allah."

"Mu ɗaga ka? Daga ina? Ai kana titi, yallaɓai. Titi kuma an hana mu. Wani babban jami'i ne ya koya mana, ko ka san shi?"

Dariya ta ɓarke. Magajiya, tsohuwar da kwananta a sel ɗinsa ya fi a ƙirga, ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya daga lalitarta ta kira caji ofis, ta ce su zo ga mutuminsu nan. Ta mayar da wayar ta ce, "Na sauke nauyi. Sauran tsakaninsa da Mai Sama."

"Ruwa," in ji Saje. Idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan yana yawo a fuskokinsu. "Ruwa..."

Sai kowa ta juya tana kallon Ƙarama. Ai kowa ta san wa ke da wannan bashin na ruwa.

 Sau nawa Ƙarama ta kwanta tana tsara wannan ranar? A mafarkinta har tafasasshen ruwa take sheƙa masa. Ta saɓa jaririn a baya ta ɗaure zani tamau, ta shiga ciki ta ɗebo ruwan randa mai sanyi a kofin silba, cike fal. Doguwa ta tare ta.

"Ke, kin haukace? Wannan la'anannen?"

"Matsa, Yaya. Ni na san abin da nake yi."

Ta durƙusa a cikin zaure, gwiwoyinta a jikin dokin ƙofa. Ta miƙa hannu waje iya tsawonsa. Kofin bai kai gare shi ba, da saura kamar kamu biyu. Ta karkata shi kaɗan, ruwa ya ɗiga a ƙasa mai zafi, ya gani da idonsa.

Ta yi murmushi, baki har kunne, irin nasa sak. Ta sassauta murya ta ce, "Ɗan'uwa, shigo mu gaisa mana."

Wayyo, ina ma kuna wurin! Doguwa ta toshe baki da gyale, wata ta zube ƙasa don dariya. Saje ya kalli kofin, ya kalli ƙofar da bai taɓa tsallakawa ba duk tsawon aikinsa. Sai ya kafa gwiwar hannunsa mai rai a ƙasa, ya fara jan ciki. Mutumin da in ya yi tari a bakin layi mata ke rige-rigen shiga ɗaki, yau shi ne ke jan ciki kamar ƙadangaren da aka taka. Rigarsa ta kwashe ƙasa, maɓalli ya tsinke. Ba wadda ta ce masa sannu. Da ƙyar, da nishi, ya kawo kansa ya ɗora a kan dokin ƙofa.

Ƙarama ta tallafi ƙeyarsa ta kafa masa kofin. Rabi ya shiga, rabi ya bi karkataccen bakin ya jiƙa wuya. Jaririn ya leƙo ta kafaɗarta yana kallon tsohon, yana wasa da yawu.

Ta sunkuya daidai kunnensa. "Ka gane ni?"

Idon ya tsaya a kanta. Ya gane.

"Wannan na baya ƙaninsa ne," ta ce. "Da ka bar min wancan, Saje, da yanzu ya isa aike. Da shi zan tura da gudu ya kira maka mai mota, da tuni kana asibiti. Yanzu kuwa ba ni da ɗan aike. Sai ka jira naku."

Leɓensa ya motsa. Ko gafara yake nema, ko zagi ne, oho. Ba ta tambaya ba.

Nasu kuwa ba su zo da wuri ba, kun san halinsu, wai ba mai a mota. Da suka iso, wani sabon kurtu ya diro yana muzurai.

"Kai, ku mata! Ku fito ku kama mana shi!"

Magajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Mu fito? Motarku a tsaye, bayanta a buɗe? Yaro, tambayi na kwancen nan, shi ya yaye mu."

Kurtun da abokin aikinsa suka kinkime shi, ɗaya hannu ɗaya ƙafa, suka shimfiɗa shi a bayan motar, a kan ƙarfen nan mai zafi inda ya sha loda mata kamar awaki. Doguwa ta ɗaga murya, "A riƙe ƙarfen gefe da kyau, yallaɓai, akwai ramuka a hanya!"

Kafin la'asar mai faci ya dawo da labari: bai kai asibiti ba, a bayan motar ya cika. Magajiya ta ce, "Innalillahi," ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Doguwa ta ce ita dai yau da nama za ta yi miya.

 Ƙarama kuwa ta wanke kofin da toka har sau biyu, ta kife shi a kan randa. Da rana ta yi sanyi ta kwance goyo, ta zauna a kan dokin ƙofa, ta sa wa yaron nono. Can sai ta miƙe ƙafafunta, duka biyun, har kan titi. Takalmin Saje yana nan a gefen kwata, ba wanda ya ɗauka, wata kaza tana tsattsagar igiyarsa.