Gangar Gayya a Tungar Marke

A ƙauyenmu Tungar Marke, can bayan Dosara, ba a kiran gayya sai da bakin mai rawani. Shi zai ce wa makaɗi ya buga, sannan maza su fito da kayan aiki. Shekara talatin mahaifina, Magaji Jafaru, yana kiranta, yau gonar marayu, gobe yasar rijiya.

Bana 'yan bindiga suka aiko daga daji wai geronsu ya nuna, a buga ganga ranar Laraba maza su je girbi. A gonakin da suka ƙwace mana fa, ka ji tsaurin ido! Namu geron yana tsaye tsuntsaye suna biki.

Sau uku Baba yana zuwa Maradun kai kuka. Manya suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce a ƙara haƙuri. Da ya dawo ya tara dattawa a zaure, ya warware rawaninsa ya ajiye kan buzu.

"Bakina ba shi kiran mutane bauta," in ji shi. "In babu sarki, wa ka cewa a buga?"

Ranar na ji daɗi har da ƙwalla. Ashe Baba ya manta yana da ƙane. Baffa Ɗantani ya daɗe yana kallon rawanin nan kamar mage da kifi a rataye. Kafin la'asar ya ɗora shi a ka, wai riƙon ƙwarya, wai ceton rayuka. Dattawan da suka sa wa Baba albarka da safe, su suka gyara masa naɗin. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Laraba da hantsi ganga ta tashi. Audu makaɗi ya tsaya ƙofar gidanmu, kansa a ƙasa.

"Gahwara dai, Baba. Sabon sarki ya ce gayya ba ta tsallake gida sai na mai rawani."

Baba ya ɗauko magirbi. Na riƙe masa riga.

"Baba, shekarunka saba'in! Kuma sun san kai ne ka ƙi."

"Sake ni, Saude. Hakanan al'adar take, ban taɓa ɗauke ma kowa ita ba."

Ya bi sahu da 'yar tsohuwar hularsa, Baffa yana zaune kan buzun Baba ana masa fifita. Maza arba'in suka shiga daji. Da yamma na tsaya bakin gari ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, talatin da tara suka wuce ni, ba wanda ya iya haɗa ido da ni.