Kwalin Kamfani

Motar Seoul ba ta gama tsayawa a tashar Jeonju, a Koriya ta Kudu, ba wayar Pyo Sang-uk ta sake ƙara. Mahaifiyarsa ce, karo na uku tun safe.

"Ka sauka? Babanka na jiran ka a gidan miyar tsiron wake ƙarfe ɗaya, wai sai ya ci abinci da kai kafin dangi su cika gida. Kuma ka riƙe kwalin kamfani da kyau, bara sai da ka lotsa masa gefe."

"Mama, ai bana..."

"Na share masa wurinsa a kan kabad. Baffanka ma jiya sai da ya tambaya, na ce yana hanya."

Ta kashe wayar, ta bar shi tsaye da jakar goyo da hannu biyu wayam.

Shekara goma sha ɗaya ke nan kamfaninsu yana raba wa ma'aikata kwalin Chuseok, bikin kaka: kifin gwangwani da man girki kwalba biyu, a naɗe cikin ƙyalle ruwan zinare. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma mahaifiyarsa kan ɗora shi inda duk mai shigowa gaisuwar biki sai ya gan shi, ya san ɗan gidan nan yana da aiki a Seoul. Bana babu kwali, domin babu aikin. Wata biyu ke nan da aka kira shi hawa na tara, aka yi masa godiya, aka karɓe katinsa na shiga. Matarsa kaɗai ta sani, ita kuma sai gobe za ta iso da 'yarsu. Tun a mota ya tsara ƙaryarsa, cewa kamfani ya daina rabo, sai ga shi ba a bar shi ya kai ƙarshen magana ba. Ya kuma ji daɗin katsewar, don tsoro yake ji ƙwarai.

Yanzu dole ya sayi kwalin da kansa. Ya duba agogo. Saura awa guda da 'yan mintoci. Babban kanti yana hayin kogi, titi kuwa ya cushe, ko tasi ya samu ba zai dawo kan lokaci ba. Ba shi da zaɓi sai tsohuwar kasuwa, wadda ke bayan unguwar da aka haife shi, inda ko tari ya yi sai wata ta ce irin tarin kakansa ne.

Ya bi ta lungunan tsofaffin gidaje masu lanƙwasasshen rufi, kansa a sunkuye. 'Yan yawon buɗe ido sun toshe hanya cikin kayan gargajiya na haya, suna ta ɗaukar hoto a ƙofar gidajen mutane kamar babu mai kwana a ciki. Ƙamshin wainar shinkafa da man riɗi ya cika ko'ina. Shagon farko an saye kaf. Na biyu saura na sabulu da man goge haƙori. A na uku ya hango wata maƙwabciyarsu tana cinikin 'ya'yan itace, ya juya da sauri har ya kusa ture wa wani kwando.

Can ƙarshen layi ya faɗa wani ƙuntataccen shago, kwalaye jibge har rufi. Sai da ya shiga ya tuna na wace ce: Inna Bong, wadda tun yana yaro yake ganin ta tsohuwa.

"Na surukai ko na maigida?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Na kifi da mai. Babba. Da ƙyalle ruwan zinare."

"Ka taki sa'a, guda ya rage. Amma ga na busasshen kifi can, ya fi fita kunya."

"Wannan ɗin nake so, Inna. Kuma... a cire takardar shago."

Ta ɗago, ta dube shi ta saman tabarau. "A cire?"

"Duka. Har ta ƙasan."

Ta kalli kwat ɗinsa, ta kalli takalminsa da ya sha goga, ta dawo kan fuskarsa. "Wannan goshin na san shi. Kai ba ɗan Pyo mai tasi ba ne?"

Ya kawar da kai. "A'a, Inna. Kama ce."

"To, kama ce," ta ce. Ta sa farce ta ɓanɓare takardun ɗaya bayan ɗaya.

Ta shimfiɗa ƙyallen, ta ɗora kwalin, yatsunta da tsufa ya tanƙware suka shiga aikinsu. Shi dai idonsa na bakin ƙofa, kada wani ya leƙo. Da ya waiwayo ta gama: kunnuwan ƙyallen huɗu sun haɗu a sama sun zama fure, ɗaya a soke ƙarƙashin 'yan uwansa. Ya ce a ransa ya yi kyau, ya biya, ya fita kamar an biyo shi.

A gidan miyar ya tarar da mahaifinsa a kusurwar da ya saba zama, ya harɗe ƙafa, hularsa a kan gwiwa. Sang-uk ya cire takalmi, ya rusuna ya gaishe shi, ya ajiye kwalin a gefe inda tebur zai ɗan kare shi.

"Ka rame," in ji tsohon.

"Aiki ne, Baba."

"Aiki. Shugaban naku mai sanƙo yana nan?"

"Yana nan."

"Yana dai shan ku da surutu?"

"Kamar kullum."

Aka kawo miyar a tukwanen ƙasa tana tafarfasa, shinkafa a ciki, ga ɗanyen ƙwai da kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, a ƙananan kwanoni. Sang-uk ya zuba wa mahaifinsa ruwa da hannu biyu, ya jira ya fara ɗaukar cokali. Ya kai loma ɗaya bai ji ɗanɗanon komai ba. Kowace tambaya ya amsa sai ya ji kamar ya taka katakon da gara ta ci.

Tsohon ya kurɓi miya sau uku, ya miƙa hannu zai ɗauki kimchi, sai idonsa ya sauka a kan kwalin. Hannun ya tsaya a sama. Ya daɗe yana kallo.

"Bana kamfanin naku ya yi ƙoƙari."

"E, sun... sun canja masu naɗawa."

"Miƙo shi nan."

Sang-uk ya miƙa. Mahaifinsa ya ture tukunyarsa gefe, ya ɗora kwalin a gabansa, ya taɓa furen da yatsa.

"Tun yaushe?"

"Me fa, Baba?"

"Kada ka sa in maimaita, ni ba ɗan sanda ba ne. Wannan ƙullin Bong ne. Shekara arba'in tana yin sa, babu macen da ba za ta gane shi daga bakin ƙofa ba a unguwar nan. Kamfani ba ya ɗaure kaya haka. Su dubu suke ɗaurewa a yini."

Hayaniyar gidan abincin ta yi wa Sang-uk nisa. Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai.

"Wata biyu," ya ce a hankali. "Ina nema, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya jira faɗa. Mutumin da ya taɓa hana shi abincin dare saboda ya ɓoye takardar jarrabawa, me zai yi wa wannan? Amma tsohon sai ya fara kwance furen.

"Kana aji huɗu lokacin da masana'antu suka durƙushe. Me aka ce maka game da aikina na kamfanin takarda?"

"An ce kai ka bari, ka fi son tuƙi."

"Na fi son tuƙi!" Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wata biyu ina sa kwat da safe, in hau dutsen bayan gari in zauna da sauran masu kwat har yamma. Da biki ya zo na je wajen Bong. Ni ma na ce ta cire takarda."

Sang-uk ya ɗago. "Mama ta gane?"

"Tun kafin in cire takalmi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a kan kabad, ta ce kamfani ya kyauta. Ta ci gaba da goge mini riga kowace safiya, wata uku cur, tana tambayata yaya ofis. Da zagi na ta yi da ya fi mini sauƙi." Ya ja kunnuwan ƙyallen biyu ya ɗaure su tamau, ya sake kamo sauran. "Ta yi wa mutum ɗaya wannan gugar, ya isa. Gobe a bar ta ta yi bikinta. Jibi, idan baƙi sun watse, kai za ka faɗa mata da bakinka, ina zaune kusa da kai. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"To ci abinci, miyar taka ta huce."

Ƙullin ya fito a karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mummuna sak irin na kowace shekara. Tsohon ya ja baya ya ƙare masa kallo, bai gamsu ba. Ya sa babban yatsa a kusurwar kwalin ya danna har ta lotsa.

"Yauwa," ya ce, ya jawo tukunyarsa. "Yanzu ya yi kama da wanda kai ka ɗauko."